Yadda Ake Haɗa Shayin Citta Domin Sassauta Ciwon Mara

'Yan'uwa mata da dama a nan Jos sun sha tambayata yadda ake haɗa wannan shayi lokacin al'ada, to ga matakan.

1. Ki sayi ɗanyar citta mai tauri wadda ba ta yi yaushi ba, ana samunta a kasuwar Farin Gada.
2. Ki wanke gutsure mai tsawon babban yatsanki.
3. Ki yayyanka shi sirara.
4. Ki zuba a ruwa kofi 2 tare da guntun kirfa.
5. Ki rufe tukunyar, ya tafasa na minti 10 a ƙaramar wuta.
6. Ki tace, ki sa zuma bayan ya ɗan huce.
7. Ki sha kofi ɗaya sau 2 a rana, na kwana 3 na farko.

Gargaɗi: mata da yawa kan jira sai ciwon ya tsananta, alhali ya fi amfani idan aka fara tun alamar farko. Mai gyambon ciki, ko wadda take shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ta tuntuɓi likita kafin ta sha.

8. Ki naɗe gorar ruwan ɗumi da tawul, ki ɗora a mara.
9. Ki je asibiti idan jinin ya yi yawa ko ciwon ya hana ki aiki.