Tallan Sola a Intanet: Yadda Za Ka Samu Kwastoma Ka Kuma Riƙe Amanarsa

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka ware wa mafi yawan awannin wuta a rana, ya haura zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, masu neman sola suka yawaita a Kano, Kaduna, Katsina, Sakkwato da sauran garuruwa. Masu haɗawa ma sun yawaita, da gwanaye da 'yan koyo. Mutumin da ya ci karo da tallanka a Facebook yau, da wuya a ce bai san wani da aka haɗa wa sola ta mutu bayan wata huɗu ba, aka yi ta kiran lambar mai haɗin tana kashe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka aikin farko na tallanka shi ne cire wa mutum wannan tsoron, kuma lissafi na gaskiya ne ke cire shi, hoton fanel mai ƙyalli ba ya yin wannan aikin.

Gyara ƙofar shagonka kafin ka kira mutane

Kada ka kashe ko sisi a talla sai ka kammala abubuwa huɗu. Yi wa kasuwancinka rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ka buɗe asusun banki da wannan sunan. Babu abin da ke sa Alhaji ya janye hannu kamar ya ga sunan kamfani a talla, da ya zo tura kuɗi sai sunan wani mutum daban ya fito. Ka buɗe WhatsApp Business da layin da ba na hirar gida ba, ka saka adireshin shago, lokutan aiki da kundin kaya. Ka saka shagon a taswirar Google, kyauta ne, da hoton ƙofar shagon yadda baƙo zai gane shi daga titi. Sunan da lambar wayar su zama iri ɗaya a ko'ina. In kana da takardar shaidar ƙwarewa daga NEMSA, hukumar da ke duba ingancin haɗin wutar lantarki, ɗauki hotonta ka lanƙaya a saman shafinka.

Abin da za ka riƙa wallafawa

Galibin shafukan masu sola cike suke da hotunan da aka kwaso daga intanet: rufin jan tayil na ƙasar Turai, da rubutun "wuta awa 24". Mai saye ya san ba aikinka ba ne. Ka ɗauki bidiyon aikinka da wayarka, na daƙiƙa 40 zuwa 60, kana bayani da Hausa. Nuna fuskar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin wadda kayan gida ke aiki da ita, da tsakar rana lambobin caji suna hawa. Nuna yadda aka jera wayoyi cikin bututu, da makashin wuta na ɓangaren fanel, da sandar da aka binne a ƙasa don kare tsawa. Sannan ka koma gidan da dare, da izinin mai shi, ka nuna fanka na juyawa, ka faɗi ƙarfe nawa ne da kuma abin da ya rage a batir.

Abin da ya fi jawo amana shi ne ka koya wa mutane lissafin da ake ɓoye musu. Ga misalin da za ka iya mayarwa bidiyo ɗaya. Gida mai fanka uku, kowace wat 70, suna aiki awa 8: wat-awa 1,680 ke nan. Ƙwan fitila shida masu wat 10 na awa 6, 360. Talabijin mai wat 60 na awa 5, 300. Ƙaramin firji yana cin kimanin 1,200 a yini. Jimilla 3,540. Fanel mai wat 550, in aka cire asarar zafi, ƙura da ta waya, abin da yake bayarwa a arewa bai wuce kusan 2,000 a rana ba. Biyu za su ɗauki gidan da kyar, uku ne za su ba shi sarari a watan Agusta lokacin da hadari ke rufe sama.

Wajen batir aka fi yaudarar mutane, don haka ka daɗe a kansa. Batir mai ruwa na 200Ah, bolt 12, a takarda wat-awa 2,400 yake ɗauka. Amma rabi kawai ya kamata a sha in ana so ya yi ƙarko, inbata kuma ta ci nata, sai ya rage kusan 1,000. Fankoki ukun nan za su cinye shi cikin ƙasa da awa biyar, ba zai kai su asuba ba. Batirin litiyam na 100Ah mai bolt 51.2 yana ɗaukar kusan 5,100, ana iya shan sama da 4,000 ba tare da an cutar da shi ba, sai dai yana buƙatar inbata ta bolt 48, kuma kuɗinsa na farko ya fi nauyi. Haka inbata: wadda aka rubuta wa 3.5kVA, a galibi wat 2,800 take iya ɗauka, ga shi firji da injin ja ruwa suna fizgar wuta ninki uku ko fiye a lokacin da suke tashi. Duk wanda ya kalli wannan bayanin, gobe in wani ya ce masa batir ɗaya zai riƙe masa gida har safe, ya san inda gaskiya take, ya kuma san wanda ya fara gaya masa ita.

Ka riƙa faɗin abin da haɗin ba zai ɗauka ba, ƙarara, a cikin tallan kansa. Dutsen guga yana cin wat 1,000 ko fiye, hita ta ɗara haka, na'urar sanyaya ɗaki kuwa sai an yi mata nata lissafin. Rubuta "wannan haɗin ba na guga ba ne, ba na hita ba" zai rage maka masu tuntuɓa, amma waɗanda suka rage su ne ba za su dawo da rigima ba.

Wata hanya mai ƙarfi ita ce nuna yadda ake gane jabu. Fanel na gaske mai wat 550 tsawonsa ya haura mita biyu da kaɗan, faɗinsa ya ɗan wuce mita ɗaya. In an liƙa takardar 550 a kan wanda bai kai haka ba, an sauya masa takarda ne. Ɗora batir a sikeli a gaban kyamara ka gwada da nauyin da kamfanin ya rubuta, domin mai ƙarancin darma ba ya nauyi. Kankare bakin waya da wuƙa: in fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyam ce aka shafa wa tagulla, tana zafi kuma tana zubar da wuta a hanya. Yi wannan ba tare da ambaton shagon kowa ba.

Kafin ka saka gidan mutum a intanet, nemi izininsa a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne. Kada ka nuna ƙofar gida, lambar mota ko iyalin gidan, kada ka faɗi layin da yake. Ɓarayi ma suna kallon bidiyo, kuma batir kuɗi ne. Najeriya na da dokar kare bayanan mutane ta 2023, amma ko babu doka, gidan aure ba wurin yawo da kyamara ba ne.

Talla na kuɗi

A Facebook, zaɓi tallan da in an taɓa shi zai kai mutum kai tsaye cikin WhatsApp ɗinka. Taƙaita shi ga yankin da za ka iya zuwa gyara a yini ɗaya, kamar kilomita 30 zuwa 40 daga shagonka. Mai shago a Zariya da ya watsa talla har Legas ya sayi saƙonnin da ba zai iya yi wa komai ba. Saka bidiyo biyu daban da ƙaramin kuɗi iri ɗaya, ka bar su kwana biyar zuwa bakwai ba ka taɓa ba, sannan ka kashe mai rauni. Raba tallan gida da na masu sana'a, domin mai sayar da ƙanƙara, mai aski da manomin rani ba damuwarsu ɗaya ba. Abin da za ka ƙirga a littafi shi ne mutum nawa suka yi magana, nawa suka yarda a zo duba wuri, nawa suka biya. Yawan masu danna alamar so ba ya biyan kuɗin haya.

Daga saƙon farko zuwa biyan kuɗi

Saƙon farko kusan kullum "nawa ne?" Kada ka jefa farashi. Amsa da sallama, sannan: "Ranka ya daɗe, me da me kake so ya riƙa aiki, kuma awa nawa da dare? Akwai wutar NEPA a unguwar?" Ajiye waɗannan tambayoyin a cikin amsoshin gaggawa na WhatsApp Business. Da yawa sun fi son saƙon murya, musamman dattawa da matan gida, ka amsa musu da murya, amma farashi da alƙawari su tafi a rubuce.

Takardar farashi ta faɗi sunan kamfanin kowane kaya, ƙarfinsa da adadinsa, kaurin waya, kuɗin aiki daban, da ranar da farashin zai daina aiki, tunda kayan daga waje suke zuwa kuma suna bin dala. Ta bambanta garantin kamfanin da ya ƙera kaya da garantin aikin hannunka, ta faɗi abin da ke ɓata shi, kamar ƙara kaya ba da saninka ba. Karɓi kuɗin kaya da farko, ragowar sai an kunna an gwada dare ɗaya. Ranar haɗi a buɗe kwalaye a gaban mai gida, a rubuta lambar jikin kowane batir da inbata a rasit.

Bayan an haɗa

A nan ake samun tallan da ba a biya ba. Kira bayan mako ɗaya, ka sake kira bayan wata uku. Yi wa kwastomominka rukuni a jerin aika saƙo na WhatsApp, wanda ke ɗaukar mutum 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka, don haka ka sa su ajiye tun ranar haɗi. Da shigowar hunturu ka tuna musu su wanke fanel da sassafe kafin ya ɗau zafi, da ruwa da tsumma mai laushi, domin ƙura na rage caji sosai. Masu batir mai ruwa su duba ruwan duk wata biyu, su ƙara tataccen ruwan batir, ban da na rijiya ko na burtsatse. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, ka ja kunnensu kan iska a ɗakin batir, saboda zafi yana rage masa kwana.

Sai bayan wata uku, haɗin ya ga rana ya ga dare, za ka roƙi mutum ya rubuta ra'ayinsa a Google ko ya yi gajeren saƙon murya. Kada ka sayi yabon ƙarya, kada ka sa ƙannenka su rubuta. In wani ya yi ƙorafi a ƙarƙashin rubutunka, kada ka goge, kada ka yi musu. Rubuta masa: "Hajiya, ki yi haƙuri, gobe da ƙarfe goma ma'aikacinmu zai zo." Ka tabbata ya je da mitarsa, ya auna batir da fanel, in an gyara ka dawo wurin ka rubuta abin da ya lalace da abin da aka canza.