Kafin ka karɓi kuɗin jama'a don buga wasanka

Ɗaliban da ke kawo mini aikin zane a shagona na Samaru sun fara zuwa da sabuwar magana. Wannan ya ƙirƙiro wasan tebur a kan fataucin goro, wancan ya yi na ƙofofin Zazzau, ana jefa dayis ana tafiya daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan. Wasannin suna da daɗi, wallahi, wasu ma sun fi ludo jan hankali. Abin da ke tsayar da su ɗaya ne: kuɗin bugawa. Sai su ce ai a waje karo-karo ake yi ta intanet, mutane su biya tun kafin a buga, mu ma me zai hana? Babu abin da zai hana. Amma ina so duk wanda zai yi ya san irin kayan da yake ɗauka.

Ga yadda abin yake tafiya a can. Shafin Kickstarter, wanda aka buɗe a Amurka a 2009, yana ba ka dama ka nuna wasanka, ka faɗi kuɗin da kake nema, ka sa wa'adi, galibi wata guda. In kuɗin bai cika ba, ba a cire wa kowa ko sisi. In ya cika, shafin ya ɗauki kashi 5 cikin ɗari, masu sarrafa katin banki su ɗauki kashi 3 zuwa 5, saura ya zo hannunka. A 2015 wasan kati mai suna Exploding Kittens ya tara dala miliyan 8.7 daga mutum fiye da 219,000. A 2020 wasan tebur mai suna Frosthaven ya tara kusan dala miliyan 13. Waɗannan lambobi su ne ke hana yaranmu barci. To, Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Kickstarter ke bari a buɗe neman kuɗi daga cikinsu. Saye za ka iya, buɗewa kuwa sai kana da abokin hulɗa a ƙasar da aka yarda da ita, kuma a asusunsa kuɗin zai sauka. Don haka shawarata ga ɗan Zariya ita ce ya fara a gida, da mutanen da suka san fuskarsa, ta WhatsApp da Facebook da asusun banki.

Amfanin abin a fili yake. Ba ka cin bashin banki, ba ka sayar da filin gado, kuma kana sanin ko ana son wasan kafin ka tara kwalaye a ɗaki suna shan ƙura.

Kada ka nemi kobo sai wasan ya gama zama wasa. Ka yanka kwali da almakashi, ka rubuta katunan da hannu, ka kai wa mutanen da ba su san ka ba. Abokanka za su ce ya yi kyau saboda kunya. Ka je wurin dattawan da ke dara a gindin bishiya a Tudun Wada, ka miƙa musu takardar dokoki, ka ce, "Baba, don Allah ku gwada mini wannan," sannan ka ja bakinka ka yi shiru. In suka iya bugawa ba tare da ka sa baki ba, in kuma suka gama suka ce a sake, to ka samu wasa. In sai ka tsaya a kansu kana bayani, ka koma ka gyara dokokin, domin ba za ka bi kowane kwali gidan mai shi ba.

Sai lissafi, kuma nan ne nake so ka daɗe. Ka je wurin masu buga takardu, a Sabon Gari ko a Kaduna, ka karɓi farashi a rubuce daga wuri fiye da ɗaya: katuna, allon wasa, kwali, takardar dokoki, leda. Ka nemi su buga maka guda ɗaya tukuna, ka riƙe, ka shafa, ka bar yara su yi wasa da shi mako guda ka ga ko launin zai koɗe. A Abuja akwai kamfanin NIBCARD Games da ke ƙera wasannin tebur a cikin ƙasar nan, ya kamata ka ji nasu farashin. In kuwa Sin kake hange, inda ake buga yawancin wasannin duniya, ka sani masana'antun can ba sa son ƙaramin aiki, dubu ko fiye suke nema, da dala za ka biya, ga kuɗin jirgin ruwa, ga kwastan a Legas, ga motar da za ta hauro da kayan arewa. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Wanda ya karɓi naira a hannun mutane da tsohon lissafi, alhali da dala zai biya, da me zai cike gurbin? Ko a gida za ka buga ba ka tsira ba, don takarda da tawada daga waje ake shigo da mafi yawansu. Turawa ma sun sha wannan a 2021, lokacin da kuɗin kwantena ya ninka sau da yawa, masu wasanni da dama suka koma suna roƙon waɗanda suka riga suka biya su ƙaro kuɗin aike. Saboda haka ka ɗora rarar da ba ta gaza kashi 30 cikin ɗari ba a kan lissafinka, ka ware kuɗin aike daban, kuma ranar da kuɗi ya cika ka biya mai bugawa, kada su kwana a asusu farashi yana gudu.

Akwai wani tarko da ake faɗawa saboda murna. Kuɗi na shigowa sai ka fara ƙara alkawari: za a sa jakar fata, za a sassaƙa 'ya'yan wasa da itace. Kowane ƙari sabon ma'aikaci ne, sabon jinkiri ne. Ka tsaya a kan abin da ka lissafa.

Wanda ya ba ka kuɗi cinikin biri a sama ya yi da kai, kuma ya yi ne don ya yarda da kai. Malamanmu sun san irin wannan ciniki na biya kafin kaya, cinikin salam, sun kuma gindaya masa sharuɗɗa: a siffanta kayan sosai, a faɗi adadi, a yanke lokaci. Ka zauna da malaminka ya duba maka tsarin. Ka rubuta wa jama'a kati nawa ne, girman allon nawa ne, wane wata za a karɓa, sannan ka ƙara wata biyu ko uku a kan abin da mai bugawa ya faɗa maka. Ka buɗe asusu na daban, kada kuɗin nan ya haɗu da na cefane ko na makaranta. A Amurka wani ya tara fiye da dala 122,000 a 2012 don wasa mai suna The Doom That Came to Atlantic City, ya soke aikin a 2013, a 2015 hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta tuhume shi da kashe kuɗin a hayar gida da buƙatun kansa. A nan Zariya ba sai hukuma ta neme ka ba, gidanku za a yi sallama.

Kada kuma ka yi wa kowa alkawarin riba. Da zarar ka ce a zuba kuɗi a raba riba, ka shiga hurumin SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Najeriya, wadda ta fitar da dokokin karo-karon zuba jari a 2021. Kai wasa kake sayarwa, kwali ɗaya kan kuɗi kaza.

In jinkiri ya zo, kuma yakan zo, ka riga mutane magana. Duk mako biyu ka tura hoto: ga katuna an yanka, ga kwali bai iso ba, ga dalili. Ka kuma faɗa tun ranar farko cewa in kuɗin da ake nema bai cika ba zuwa rana kaza, kowa za a mayar masa da nasa cikin mako guda, ka ajiye sunan kowa da lambar asusunsa a littafi don hakan.