Yadda ake jera waƙoƙi a kan kiɗan Sleng Teng

A Jamaika kiɗa ɗaya kan ɗauki mawaƙa goma ko fiye, kowa ya ɗora muryarsa, furodusa ya tattara su a faifai guda. Furodusa Rupie Edwards ne ya share wannan hanya da faifansa Yamaha Skank a 1974. Amma kiɗan da ya sauya akalar dancehall, salon waƙar rawa na Jamaika, shi ne Sleng Teng, da furodusa King Jammy ya fitar daga unguwar Waterhouse a Kingston a 1985. Wayne Smith da Noel Davey ne suka tsinto kiɗan a cikin wani ɗan fiyanon lantarki, Casio MT-40, sai su Tenor Saw da Johnny Osbourne suka hau kansa, furodusoshi kuma suka karkata ga na'ura. Ya kamata mai koyon DJ ya fara da shi, domin bugun na'ura ba ya gaba ba ya baya, saɓanin tsoffin kiɗan kamfanin faifai na Studio One da aka buga da hannu.

Ka tara waƙoƙi 6 zuwa 8, duka daga hannun Jammy, har da zallar kiɗan marar murya da ake sawa a bayan ƙaramin faifai. Kada ka cakuɗa su da waɗanda wasu furodusoshi suka sake bugawa. Suna ɗaya ne, amma sauri da amon bes, wato sautin ƙasa mai kauri, kan bambanta, kuma kunne zai kama.

Sai ƙirga. Bugu huɗu zagaye ɗaya ne. Ka sa alama a bugun farko na kowace waƙa, daidai inda bes ya faɗo. A nan manhajar DJ ta kwamfuta ke yawan ruɗewa: takan ninka saurin kiɗan ko ta raba shi biyu, ko ta ɗora alamar a kan fiyanon da ke shigowa tsakanin bugu. In ka bar ta haka, waƙa ta biyu za ta shigo a karkace. Gyara da kunnenka.

Buɗe da Under Mi Sleng Teng ta Wayne Smith. Ka bar baiti ɗaya da amshi, kamar minti guda, sannan ka sako ta gaba a ƙarshen zagaye 8 ko 16, lokacin da mawaƙi ya ja numfashi. Yanke murya a tsakiyar magana yana kashe wa masu rawa jiki.

Bes shi ne wurin da ya fi buƙatar kula. Kafin ka ɗaga waƙa ta biyu, murɗe maɓallin bes ɗinta ƙasa gaba ɗaya, ka musanya su a bugun farko. Idan bes biyu iri ɗaya suka haɗu da ɗan saɓani, suna cinye juna, sai ka ji lasifika ta yi fayau, ko kuma su ninku ta fara gurnani. Ƙarfin sauti ma ka daidaita shi tun a belun kunne, don faifan da aka buga a lokuta daban ba sa zuwa da ƙarfi ɗaya.

Waƙar da ta fi tashe, irin Pumpkin Belly ta Tenor Saw, ka ajiye ta zuwa ta huɗu ko ta biyar. Kada jerin ya wuce minti 8. In ka ga ƙafafu sun fara sanyi, sako zallar kiɗan na zagaye 8 ka tsallaka zuwa wani kiɗan daban, kamar Stalag.