Shawara ga direbobi: ina agogon zafinku yake?

Salamu alaikum ƴan uwa. Wanda agogon zafin inji na motarsa ya mutu zai sa wani, don Allah ya tsaya kan mai gyara ya ga inda za a ɗaura shi.

Ni nawa a ƙasa aka liƙa mini, daf da gwiwa. In zan duba sai na sunkuya na ɗauke ido daga hanya, shi ya sa na daina dubawa. Ran nan da tsakar rana, na tashi daga Maradi ban kai Tasawa ba, inji ya tafasa. Ashe allura ta daɗe a ja.

Yanzu na maido shi sama kusa da sitiyari, gefen na matsin man inji. Na kuma murza kowanne yadda in lafiya lau allurarsa na kallon sama sak. Ba na karanta lamba, kallo ɗaya ya isa: wadda ta karkace ita ce mai magana. Masu tseren motoci ma haka suke yi.

Carbi da kwalliyar da ke lilo gaban agogo kuwa, a sama musu wani wuri. A kuma goge ƙurar gilashin kowace safiya.