Yadda Na Gyara Takardar Dakon Kaya Da Ta Maƙale A Teksas

Matsalar ita ce lambar USDOT, wato lambar rajista ta Ma'aikatar Sufurin Amurka, ita kaɗai ba ta isa a yi dakon kaya a jihar Teksas ba. Motar dakon kaya da nauyinta ya haura fam 26,000, ko da ba ta fita daga Teksas, sai da lambar TxDMV, wato hukumar kula da motoci ta jihar. An cike takarda, an biya, amma izini bai fito ba.

Abin da ya riƙe shi Form E ne, shaidar inshorar aƙalla dala 500,000. Kamfanin inshora ne ke turawa ta intanet, direba ba shi da ikon turawa. Nan ma sunan da ke kan inshorar ya saɓa da na rajista. Na sa aka daidaita sunan harafi da harafi, aka sake turawa, izini ya fito. A buga katin motar da ke zuwa tare da izinin, a ajiye a gaban mota, domin shi jami'ai ke nema a hanya.