Yadda Ake Tada Tsohuwar PS2 Ta Dinga Cin Gem Daga Filas

Duk wanda ya yi zaman gidan gem a unguwa ya san PS2, da ita muka buga Winning Eleven har hannu ya yi kanta. Sony ta fito da ita a 2000, siririyar kuma a 2004, kuma har yau tana nan a gidaje da yawa an jefar ƙarƙashin gado wai ta mutu. To wallahi yawanci ba mutuwa ta yi ba, idon da ke karanta faifai ne ya gaji, kuma ana iya buga gem ba tare da shi ba.

Da farko kafin ka jona ta da wuta, juya ta ka karanta takardar da ke jiki. In mai kaurin nan ce 'yar Kwatano kuma ka ga an rubuta 120V ko 100V, ta Amurka ce ko Japan, mu kuma wutarmu 230V ce, ka sa ta kai tsaye sai dai ka ji ƙauri. Nemi sitefdawun tukuna. A nan dai za ka ga lambar modal, ka rubuta ta don za ta yi maka amfani.

Sai shara. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabarta, ka kwance ta da sukundireba a hankali, akwai wata siririyar waya mai kama da kirtani da ta haɗa maɓallin kunnawa, kar ka fizgo murfin ka tsinka ta. Goge fanka da burushi mai laushi, in agogonta yana mantuwa ka canja ƙaramin batirin CR2032.

Yanzu ga asalin aikin. Kana buƙatar memori kad mai FreeMcBoot a ciki, wata 'yar manhaja ce da take tashi da zarar ka kunna, ba buɗe ciki ba ƙona waya. Mafi sauƙi ka saya wanda aka riga aka sa wa, ko ka kai naka wajen mai gyaran gem ya zuba maka, ni dai na fi yarda da orijina mai 8MB, jabun nan masu rubutun 64MB suna yawan cinye wa mutum sebin. Amma lura, siraran ƙarshe masu lamba SCPH-9000x da yawansu ba sa karɓar FreeMcBoot, shi ya sa na ce ka rubuta lambar, kar ka kashe kuɗi a banza.

Daga nan ka ɗauko filas ka yi masa fomat zuwa FAT32 a kwamfuta, ka buɗe folda biyu, DVD da CD. Faifanka da ya fara karcewa ka kwafe shi da manhajar kwamfuta ta ImgBurn ya koma ISO, wato kwafin faifan a fayil ɗaya, ka jefa a foldar DVD. Matsalar FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai 4GB, irin su God of War II sai ka yayyanka da manhajar USBUtil, ita za ta jera su da kanta a bakin filas ɗin, ba cikin folda ba.

Soka memori, soka filas, kunna, ka zaɓi OPL, wato Open PS2 Loader, manhajar da ke buɗe gem daga filas. In ka ga babu komai kar hankalinka ya tashi, shiga Settings ka kunna wajen USB ka mai da shi Auto, ka yi sebin, gem za su fito a jere.

Gaskiya ɗaya, USB ɗin PS2 tsohon yayi ne, 1.1, yana da nawa, bidiyon cikin gem zai dinga sarƙewa amma ƙwallo da faɗa suna tafiya lafiya lau. Mai kauri ta fi daɗi a nan, a bayan yawancinsu akwai ɗaki da ake sa hard disk da network adapter, gudu kamar me.

In da ɗan adaftan HDMI za ka haɗa da sabuwar talabijin, ka fara shiga System Configuration da tsohuwar wayar AV ka mai da Component Video Out zuwa Y Cb/Pb Cr/Pr, in ba haka ba baƙin allo kawai za ka gani ka ɗauka adaftan ne ya lalace.