Darasi na 8: Bushewar Ido Bayan Aikin Yana

An cire wa mutum yanar ido, gani ya dawo, ana ta zuwa barka. Bayan 'yan kwanaki sai ya ce yana jin kamar an watsa masa yashi a ido. Ga raɗaɗi, ga gani yana dishi-dishi, in ya ƙifta sai ya washe. Wani ma hawaye ne ke ta zuba masa. Wannan ita ce bushewar ido, kuma ba alama ce ta aiki ya ɓaci ba.

Wajen aikin, likita yakan yi 'yar tsaga a gefen baƙin ido. A nan akwai ƙananan jijiyoyi masu sa ido ya kawo hawaye. Kafin su warke, damshin ido yakan ragu. Ga yawancin mutane abin yana lafawa cikin wata 3. Tsofaffi da masu ciwon suga sukan fi daɗewa.

Maganinta ruwa ne na ɗigawa mai kama da hawaye, likita ne zai rubuta. A wanke hannu da sabulu. A ɗaga kai sama, a ja fatar ƙasan ido, a ɗiga ɗigo ɗaya. Kada bakin kwalbar ya taɓa ido. In magungunan biyu ne, a jira minti 5 tsakaninsu, na shafawa kuma shi ne na ƙarshe. Kwalbar da ta yi mako 4 a buɗe, a yar da ita.

Lokacin hunturu abin ya fi tsananta. A sa tabarau in za a fita cikin ƙura. A nisanci hayaƙin murhu, kada kuma a kwanta fanka tana bugun fuska. Batun wanke fuska wajen alwala, a tambayi likita tun ranar sallama.

Abin da ya fi damuna shi ne shawarar 'yan dubiya. Wannan ta ce zuma, wancan ya ce nonon mace ko kwalli. Don Allah kada a sa ko ɗaya, kuma kada a murza ido, domin tsagar ba ta gama haɗewa ba.

Amma in ciwo ya yi tsanani, ko ja ya ƙaru, ko ido ya fara ruwa mai kauri, ko gani yana raguwa, wannan ya wuce bushewa. A koma asibiti a ranar, kada a jira gobe.